Yadda ake duba kuraje a jikin kare bayan an dawo daga yawo

Duk mai kare a Yamai ya san wannan, ka kai shi bakin kogi wajen Gudel ko cikin Ceinture verte, dajin itatuwan nan na gefen gari, da marece ya sha gudu cikin ciyawa, ku dawo lafiya lau, dare na yi sai ka ji shi yana ta susa yana cizon ƙafa kamar zai cire ta. Kar ka ce sai gobe, a daren za ka duba shi.

Da farko ka kwantar da shi, ka kunna fitilar waya, ka bi jikin da hannu kana tayar da gashin. Yatsa ya fi ido gani a nan. Ka leƙa tsakanin yatsun ƙafa, cikin kunne, hammata, ƙarƙashin igiyar wuya da gindin wutsiya. In kana ƙyama sa leda a hannu, ba komai.

In ƙarshen damina ne, Satumba zuwa Oktoba, yawanci karangiya ce. Tsince ta da hantsaki, wadda ta cukurkuɗe da gashi a yanke da almakashi, shi ke nan.

Kaska kuma ita ce za ka ji kamar ƙwayar wake manne da fata. Ka kama ta da hantsaki dab da fatar ka ja a hankali a miƙe, ban da murɗawa, ban da ƙona ta da ashana. A shafa Bétadine, maganin wanke ciwo, a wurin. Amma fa ka sa ido sati 1 zuwa 3, in ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari ko fitsari ya yi ja, cutar da kaska ke sawa a jini ce, wannan sai likitan dabbobi.

To ga wanda ke ruɗa mutane. Kurji mai tauri kamar maruru da ɗan rami a tsakiya yana fitar da ruwa, in ka ƙura ido sai ka ga abu fari yana motsi ciki. Tsutsa ce, masu faransanci na ce mata ver de Cayor. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashi mai inuwa inda aka yi fitsari ko kashi, kare ya kwanta, tsutsar ta huda fata ta shige, ta yi kwana 8 zuwa 12 tana girma. Ni ranar da na fara gani a jikin ɗan kwikwiyona wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, guda 7 na fitar. Ka toshe ramin da basilin mai kauri, ta ramin take numfashi, bayan ɗan lokaci za ta leƙo, sai ka matsa gefe da gefe ta fito ɗungurungum. Kar ka fasa ta a ciki, wurin zai yi mugunya. Wanke, sa Bétadine.

In kuma kuraje ne birjik suka taso lokaci ɗaya gashi ya miƙe tsibi-tsibi, galibi harbin rina ne ko zuma ko cizon cinnaka. Wanka da ruwan sanyi da tsumma mai sanyi kan wurin, sau da yawa kafin kwana 1 ko 2 sun kwanta. Fuska ta kumbura, yana amai ko numfashi na sarƙewa? Ɗauke shi zuwa likita a take.

Don Allah ban da baƙin mai da kananzir da fiya-fiya da 'yan kartiye za su ce ka shafa, ƙona fata suke kuma zai lashe. Paracétamol da ibuprofène namu na farmasi ma guba ne gare shi.

Sai ka koma makwancinsa, ka kwashe yashin ka zuba sabo busasshe, buhun da yake kwana a kai a wanke a shanya a rana, ka duba tsagar katanga don can kaska ke ɓuya ta yi ƙwai.