Kurakuran da ke kashe katalis tun kafin ya shiga tanda

Na gaji da ganin sababbin ɗalibai suna shigowa da baƙin gari a kwalba, wai katalis ɗinsu, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, ya ƙi aiki. Ina magana ne kan haɗin jan ƙarfe, tutiya da alminiyam, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fara samar da metanol (wani sinadarin masana'antu) da shi a 1966. Tsohon haɗi ne, amma ɓarnar ba ta canza ba.

Ta farko, a ɗauki ruwan sodiyam kabonet a tuttula shi cikin ruwan gishirin naitiret na ƙarafan. Awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana farawa daga ƙasa yana hawa, jan ƙarfe ya riga kwantawa, tutiya ta biyo daga baya. Ka samu gari biyu a tukunya ɗaya, alhali ƙarfin katalis ɗin yana inda ƙwayar jan ƙarfe ke jingine da tutiya. Ni dai ruwan biyu nake ɗigawa lokaci guda cikin ruwa mai zafin digiri 65 na Selsiyos, pH tsakanin 6.5 da 7, idona a kan mita. Sannan a bar lakar da ta kwanta tana juyawa har shuɗinta ya koma kore-kore. Wannan sauyin launi shi ke nuna tutiya ta shige cikin ginin malakait, wato koren kabonet na jan ƙarfe. Wanda ya tace kafin nan ya yi asarar yininsa.

Wanki kuwa, nan ne raina ke ɓaci. Ya taɓa cinye mana aikin zango guda a ɗakin gwaji, saboda wani ya watsa ruwa sau biyu a kan lakar ya ce ta wanku. Haba! Idan lakar ta tsage a kan takardar tacewa, ruwa ta tsagar yake bi ya wuce, cikinta ko jiƙewa bai yi ba. Sodiyam naitiret da ya maƙale yana narkewa a digiri 308, kai kuma a 330 zuwa 350 kake gasa garin a tanda. Sai ƙwayoyin katalis ɗin su dunƙule kamar gudajin tuwo, faɗin fuskar da iskar gas za ta taɓa ya tafi, kuma babu gyara. Ku kwashe lakar, ku dama ta cikin tataccen ruwa mai ɗumi, ku sake tacewa, ku auna yadda ruwan ke ɗaukar lantarki. Sai awon ya daina sauka nake tsayawa, ko dare ya yi.

Sauran ƙanana ne. Kada ku sayi gishirin kuloraid don araha, guba ne ga jan ƙarfe. Kada ku kai tanda digiri 600 don gaggawa. Ni digiri biyu a minti nake hawa.

Ranar kunna katalis, wato sa shi ya fara aiki da iskar haidirojin, a surka iskar sosai da naitirojin, a ɗaga zafi a hankali, domin aikin da kansa zafi yake fitarwa, kuma zallar haidirojin na iya dunƙule jan ƙarfen nan take.