Yadda Ake Hana Ruwa Kwana a Bututun Motar Gas Ɗin Itace Lokacin Hunturu

Yawancin masu ɗora tukunyar gas a bayan a-kori-kura, wato tukunyar da ake ƙona itace a ciki ya ba da gas ɗin da injin mota zai yi aiki da shi, kan wuta suke zuba duk basirarsu, su manta da ruwa. Da Disamba ta shigo Jos sai mota ta ƙi tashi da asuba, a yi ta canza fulogi, alhali ruwa ne ya kwana a bututu.

Ruwan daga itacen yake. Kilo 20 na itace mai danshi kashi 20 cikin ɗari yana ɗauke da lita 4, kuma wuta ba ta cinye shi duka. Sauran yana bin gas ɗin a tururi, da ya shiga bututun sanyayawa sai ya koma ruwa. A Siwidin, inda motoci sama da 70,000 suka yi aiki da wannan gas a Yaƙin Duniya na Biyu, irin wannan ruwa daskarewa yake yi, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya tsaga ƙarfe. Sanyin Jos bai cika kaiwa ga ƙanƙara ba, amma ya isa ya ƙara yawan ruwan, ya kuma sandarar da kwaltar da ke cikinsa.

Fara da itace. Danshinsa kada ya wuce kashi 20. A yanka shi gunduwa-gunduwa kamar girman kwalin ashana, a shanya, a riƙa shigar da shi rumfa kafin raɓa. Iskar hunturu kyauta take busarwa, babu dalilin ɗura ɗanyen itacen turare a tukunya.

Inda ake faɗuwa shi ne shimfiɗa bututu. Kowane bututu daga tukunya zuwa inji dole ya gangara wuri ɗaya, aƙalla santimita 2 a kowace mita. Ka ajiye motar a daidaitaccen wuri, ka shiga ƙarƙashinta, ka bi layin da hannu. Duk inda tiyo ya lotsa tsakanin maɗauri biyu, nan ruwa zai taru. Alamarsa ita ce ƙarar ɓulɓul idan ka taka totur, inji yana ja yana saki. Ɗaure tiyon sama, ko ka maye gurbinsa da bututun ƙarfe. Idan lanƙwasar ba ta gyaruwa saboda gatarin baya, mai walda ya sa mata ƙaramin famfo nata na kanta.

A can ƙasan gangaren ake sa tankin tara ruwan, lita 15 zuwa 20. Famfonsa ya zama mai hannu, inci ɗaya ko fiye. Rabin inci ya fi araha, amma kunkunniya za ta toshe shi tun ba a je ko'ina ba. Ruwan da ke tsatsafowa daga murfin ma'ajiyar itace a ba shi kwarararo da tanki daban. Wannan ruwan mai tsami ne, ga kwalta, yana cin baƙin ƙarfe, don haka ƙarfen da ba ya tsatsa ya dace da shi.

Zubar da ruwan da dare ake yi, ba da safe ba. Kashe inji, toshe mashigar iskar tukunya, jira 'yan mintoci, sannan ka buɗe famfo tun tanki yana da ɗumi, kwalta na iya gudu. Idan ka bari sai asuba, sai ka sa tsinke. Kada ka taɓa buɗewa inji yana aiki: layin zuƙa yake yi, iska za ta shiga ta haɗu da gas, tana iya fashewa. A fili za ka yi, iska na bayanka, ba taba ba fitilar wuta. Kusan kashi 20 na gas ɗin nan guba ce irin ta hayaƙin janareta, marar wari, mai kisa a rufaffen gareji. Ruwan a tara shi a jarka, kada ya bi kwata zuwa lambun mutane.

Matatar gas kuma, ciyawa ce ko dusar katako, a yi mata raga a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Bayan ta, ka bi da bututun kusa da salansa, gas ya ɗan ɗumama kafin ya isa inji, kada ya sake gumi a bakin totur.

Mai saukowa Hawan Kibo ya sani doguwar gangara ba totur tana sanyaya wuta, ruwa da kwalta su ƙaru. Ya riƙa ɗan taka totur jefi-jefi, ya duba tanki idan ya isa Akwanga. Inda ake ƙanƙara sosai, ana naɗe tankin da abin riƙe zafi, a kusantar da shi salansa. Famfon da ya daskare kuwa, da ruwan zafi ake narkar da shi, ba da harshen wuta ba.