Yadda Ake Gano Buƙatar Mai Amfani Kafin a Fara Rubuta Manhaja

Yawancin sababbin masu gina manhaja tun ranar farko suke ɓata rawarsu da tsalle. Wanda ya ba da aikin ya ce yana son manhajar lissafin kayan sito, su ce to, su buɗe kwamfuta su hau rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Bayan watanni a kawo abu mai kyan gani, ma'aikata su dube shi su koma kan littafinsu. Tun 1986 masanin kimiyyar kwamfuta Fred Brooks ya nuna cewa abin da ya fi wuya a wannan sana'a shi ne tantance ainihin abin da za a gina. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Da farko ka nemi wanda hannunsa zai taɓa manhajar kullum. Mai biyan kuɗi daban, mai danna maɓalli daban. Manaja zai gaya maka yadda ya kamata aiki ya tafi, amma akawun da ke karɓar kaya shi ya san yadda yake tafiya. Ka saurari manaja, sannan ka roƙi izinin zama da akawun.

Mataki na biyu shi ne wanda kowa ke tsallakewa, kuma a nan nake son ka daɗe. Kada ka tambayi mutum "me kake so?" Zai lissafo maka abin da ya gani a wata manhaja, ko ya ce komai ma ya yi. Ce masa: "Nuna mini yadda ka shigar da kayan da suka zo na ƙarshe." Sai ka ja kujera ka yi shiru. Ka lura da ƴar takardar da ya manna a gefen allo, da littafin da yake jawowa daga aljihun tebur, da lokacin da ya ɗaga waya ya tambayi wani kafin ya cike gurbi. Kowanne daga cikinsu buƙata ce da babu wanda zai tuna ya faɗa maka, don ya saba da ita har ya daina ganinta.

In ya gama, ka tambayi ranakun da abu ya karkace. In kaya suka zo rabi fa? In an shigar da lamba ba daidai ba, wa ke da ikon gyarawa? In intanet ta yanke ana tsakiyar aiki? Kuma don Allah kada ka fara ba da mafita a wurin. Da zarar ka ce "ai sai mu sa maɓalli a nan", mutumin zai koma gyaɗa maka kai don kunya, bayani ya ƙare. Wannan zaman zai ci maka yini ɗaya ko biyu ba ka rubuta ko layi guda ba, kuma wasu masu ba da aikin kan ga kamar ɓata lokaci ne. Ya fi araha nesa ba kusa ba a kan sake gina rumbun bayanai, wato inda manhaja ke adana bayananta, daga baya.

Na uku, ka rubuta kowace buƙata a jimla ɗaya: wane ne, me yake son yi, don me. Sannan ka ƙara yadda za a gane an cika ta. "Manhaja ta yi sauri" ba buƙata ba ce. "Sakamakon bincike ya fito cikin daƙiƙa 2" buƙata ce, don ana iya gwada ta. Ni ba na karɓar lamba babu ma'auninta: katan ne ko ɗaiɗai, kilo ne ko giram? A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangaren manhaja yana ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana jiran na niyuton, wani ma'aunin ƙarfi na daban.

Daga nan ka zana allunan manhajar a takarda da biro, ba a kwamfuta ba. Mutane sun fi sakin baki su soki zanen biro. Ka ba mutum aiki ya yi da yatsa a kan takardar, kai kana kallo. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana a 2000 cewa gwaji da mutum 5 kan tono mafi yawan matsalolin amfani, don haka ba sai ka tara jama'a ba.

Wajen tsarin ciki, ka bi shawarar masanin manhaja David Parnas ta 1972: duk abin da kake zaton zai canja, kamar ƙa'idar haraji ko siffar rahoto, ka killace shi a sashensa shi kaɗai. Ka ware buƙatun dole daga na sha'awa, ka gina na dolen, ka miƙa wa akawun ya yi aikin mako guda da su kafin ka taɓa sauran.