Kafin a dasa maka haƙori, ga abin da za ka tambaya kan shafin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa ƙarfen dashen

Dashen haƙori dai sukuru ne na ƙarfen titaniyam da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi wa mutum a 1965. Ƙashi na kama ƙarfen nan sosai, amma fa dasashi baya manne masa kamar yadda yake manne wa haƙorin da Allah ya halitta, shi ya sa bakteriya ke samun kafa su taru su yi yauƙi a jikinsa, dasashi ya kumbura yana jini, in an yi sakaci ƙashin ya fara zaizayewa har dashen ya soma girgiɗi.

To saboda haka ne masu bincike ke ta gwada shafa wa ƙarfen abubuwa, azurfa da aka niƙe ta fi gari laushi, da zink, da jan ƙarfe, wasu kuma maganin antibayotik irin su jentamaisin. Sai dai gaskiya yawancinsu har yanzu a ɗakin gwaji suke. In likita ya ce maka nasa na da shafi, tambaye shi me aka shafa, an gwada a jikin mutane ko a dabbobi kawai, kuma tsawon wane lokaci yake aiki. Wannan ta ƙarshen ita ce muhimmiya, don shafin da ke sakin magani a hankali ƙarewa yake, galibi cikin kwanaki ko makonni, shi kuwa dashe shekaru ake so ya yi. Azurfa in ta yi yawa tana cutar da ƙwayoyin jikinka ma, antibayotik kuma kullum ana tsoron kar bakteriya su saba da shi. Ni dai ba zan ƙara kuɗi don shafi kaɗai ba.

Sauran aikin naka ne. In kana shan sigari ka daina, mai ciwon suga ya tabbatar sugan ya daidaita, in kuma dama dasashinka na ciwo a fara maganinsa tukuna kafin a taɓa ƙashi. Bayan aiki likita kan ba da ruwan kurkure baki na kuloheksidin, sati ɗaya zuwa biyu, kar ka zarce da shi don yana rina haƙora. Buroshi mai laushi sau biyu a rana, da ɗan siririn buroshin nan da ke shiga tsakanin haƙora, nan ne dauɗa ke maƙalewa.

Ranar da za a ɗora haƙorin da aka ƙera a kan sukurun, in da siminti aka liƙa shi, ka ce a duba ko simintin ya rage a ƙarƙashin dasashi, yana jawo kumburi sosai, sannan a ɗauki hoton ƙashin a ajiye don a riƙa kwatantawa. Ka ga jini ko mugunya ko wari, koma asibiti da wuri, kar ka jira zafi, sau da yawa ciwon nan baya zafi sai ya yi nisa.