Yadda zaka gane halin da mai jifan bezbol yake ciki idan hannunsa ya fara juya masa baya

Tun da na fara raba dare ina kallon bezbol ɗin Amurka, don wasan da suke farawa ƙarfe bakwai na yamma a New York mu nan sha biyun dare ta riga ta yi, babu abin da yake taɓa min zuciya kamar lokacin da koci zai fito daga benci yana tafiya a hankali, ya hau ɗan tudun nan na tsakiyar fili ya miƙa hannu, shi kuma mai jifa ya ɗora masa ƙwallon a tafin hannu ya sauko kansa a sunkuye dubban mutane suna kallonsa. A ƙwallon ƙafa idan ɗan wasa baya kan ganiyarsa zai iya fakewa cikin mutum goma, amma mai jifa ba shi da wurin ɓuya, duk wasan daga hannunsa yake farawa, taku sittin da inci shida ne tsakaninsa da mai sanda, mutumin da yake tsaye yana jiran ya doki ƙwallon, wato mita 18 da ɗoriya, kuma duk kuskuren da yayi da sunansa za'a rubuta. Shi yasa nake so in nuna maka yadda zaka bi mutumin da yake cikin wannan hali, ka gane me yake damunsa, kuma ka san ko akwai sauran numfashi a sana'arsa kafin ka bi sahun masu cewa a kore shi kawai.

Ka fara da lambar da kowa yake ambata, ERA. Lissafin ba wuya, makin da aka ci ta dalilinsa sai ka ninka sau tara ka raba da yawan zangon da ya jefa (wasa ɗaya zango tara ne, zangon mai jifa yana cika idan an fitar da masu sanda uku), idan an ci shi maki 30 a zango 45 kaga ERA ɗinsa 6.00 kenan. Matsakaicin babbar gasar, wato MLB, yana yawo ne wajen 4, wanda ya haura 5 ana fara yi masa kallon tuhuma, wanda ya kai 7 kuma jakarsa a ɗaure take. Amma don Allah kar ka tsaya nan, wannan lamba tana gaya maka cewa mutum na zazzaɓi ne kawai, bata gaya maka cutar ba. Wani masu tsaron bayansa ne basa kama komai, wani filin gidansu ne yake cutarsa kamar Coors Field na Denver da yake kusan mita 1,600 sama da teku inda iska bata da nauyi ƙwallo ke tashi kamar an hura ta, wani kuma rashin sa'a ce zalla. Akwai ma'aunin da suke kira BABIP, shi yana nuna cewa a cikin ƙwallo goma da aka doka ta faɗo cikin fili kusan uku ne ke kuɓuce wa masu tsaro, to idan kaga nashi ya kai huɗu cikin goma alhali saurin jifarsa bai ragu ba, yawanci haƙuri kawai ake buƙata, abun zai dawo daidai da kansa. Duk waɗannan kyauta zaka gansu a Baseball-Reference ko Baseball Savant, data kaɗan suke ci.

Idan ka cire rashin sa'a, matsalar takan zauna a ɗaya daga wuri uku, hannu ko kai ko salo, kuma maganinsu ba ɗaya bane.

Na hannu shi yafi sauƙin ganewa. Ka duba saurin jifarsa wata-wata, yanzu matsakaicin jifa mai sauri a babbar gasa ya kusa mil 94 a awa, idan mutumin da ya saba 95 ya koma 91 cikin 'yan makonni to akwai abin da yake ɓoyewa a gwiwar hannu ko kafaɗa. Jijiyar nan ta cikin gwiwar hannu ita ce ta fi tsinkewa, kuma tun 1974 da Dakta Frank Jobe yayi wa Tommy John aiki aka samu mafita, har sunan ɗan wasan ya zama sunan aikin, ana ɗauko wata jijiya a jikin mutum a dasa, ya zauna shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da yawa suna dawowa. Kafaɗa ce mai ban tsoro, idan kaji ance kafaɗa ka yi masa addu'a.

Na kai kuwa wallahi shi yafi ban tausayi. Ka duba yawan mutanen da yake ba wa tafiya kyauta, wato ya jefa huɗu a wajen inda doka ta ce ƙwallo ta bi mai sanda ya wuce ba tare da ya doki komai ba. Steve Blass na Pittsburgh Pirates shi ya jefa wasan ƙarshe da ya basu kofin babbar gasa, wato World Series, a 1971, a 1972 yaci wasa 19, shekara ɗaya tak bayan nan ya ba da tafiya kyauta 84 a zango 88 da ɗoriya ERA ɗinsa ya kai 9.85, ba ciwo ba komai, hannu lafiya lau amma ya daina jin maganar mai shi, kuma bai sake dawowa ba, har yau idan abun ya samu wani da sunan Blass ake kiran cutar. Rick Ankiel na St. Louis yana ɗan shekara 21 aka bashi wasan farko na zagayen ƙarshe a Oktoban 2000 da Atlanta, a zango ɗaya ya wurga ƙwallo biyar da mai kamu, wato wanda yake tsugune bayan mai sanda yana karɓar jifa, ya kasa kamawa, daga ranar bai sake zama yadda yake ba, sai dai shi Allah ya bashi wata baiwar, ya ajiye jifa ya koma ƙananan gasa ya koyi duka, ya dawo a 2007 a matsayin mai tsaron waje, 2008 ya doka hom ran 25, wato dukan da ƙwallo ke tsallake katangar fili. Shi kuwa Daniel Bard shekara bakwai yayi baya babbar gasa, daga 2013 sai 2020 ya dawo da Colorado, don haka kar ka yi saurin rufe littafin kowa. Alamar da zaka lura da ita a talabijin ita ce mai kamu ya ajiye safar hannunsa ƙasa ta dama ƙwallon ta tafi sama ta hagu, ba tazarar ɗan yatsa ba, tazarar kamu guda, kuma kaga mai jifan yana ta goge hannu a wando yana kallon benci.

Kafin mu je na uku, ka leƙa takardunsa, don a Amurka wani lokaci takarda tafi hannu yanke hukunci. Kowace ƙungiya cikin 30 ɗin tana da mutum 26 a babban jeri da kuma jerin mutum 40, kuma tana da damar ta riƙa saukar da ɗan wasa ƙananan gasa har na shekaru uku ba tare da wata ta ɗauke shi ba. Idan shekarun nan suka ƙare kuma yana ta shan duka, sai kaji ance an yi masa DFA, wato an cire shi daga jeri, ƙungiya tana da kwana bakwai ta sayar dashi ko ta ajiye shi a kasuwa kowa ya ɗauka. Bambancin kuɗin kuma ba na wasa bane, mafi ƙarancin albashi a babbar gasa a 2024 dala 740,000 ne a shekara, a matakin Triple-A da yake ƙasa da ita da taki ɗaya mafi ƙaranci bai kai dala 40,000 ba, ga doguwar tafiya ga iyali a wani gari. Idan ka san wannan zaka fahimci dalilin da yasa mutum yake ɓoye ciwo yana cije baki yana jifa.

To na uku, salo, a nan ne nake so mu daɗe, saboda a ganina a nan ake gane wanda zai rayu. Mutum lafiyarsa ƙalau, kansa ɗaya, amma abin da ya kawo shi babbar gasa ya daina aiki, masu sanda sun haddace shi. Tambayar da zaka yi ita ce, ya yarda ya rushe abin da ya sani ya sake gini ko kuwa yana nan yana maimaita abu ɗaya yana jiran sakamako daban.

Ka ɗauki R.A. Dickey, ɗan Nashville. Texas Rangers sun zaɓe shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 1996 suka yi masa tayin dala 810,000, sai likitan ƙungiya ya ga hotonsa a bangon wata mujalla tare da 'yan tawagar Amurka ta Olamfik, ya lura hannunsa na dama ya lanƙwashe wani iri, aka duba aka tarar jijiyar nan da kowa ke tsoron ta tsinke shi babu ita ma kwata-kwata a hannunsa. Nan take tayin ya koma dala 75,000. Ya karɓa, yayi ta hawa da sauka tsakanin babbar gasa da ƙanana kusan shekara goma, saurin jifarsa ya faɗo ƙasa da mil 90, har a 2005 kocinsa Buck Showalter da mai horar da masu jifa Orel Hershiser suka zaunar dashi suka gaya masa gaskiya, hanyar da ta rage masa ita ce nokulbol.

Bari in kwatanta maka wannan jifa don ka ga girman abin da aka nema a wurinsa. Duk sauran jifa ana so ƙwallo ta riƙa juyawa da ƙarfi, ita wannan akasin haka ne, zaka kafa farcen yatsu biyu a jikin fatar ƙwallon kusa da ɗinki, ka tura ta kamar kana ture ƙofa, ta tafi kusan bata juyawa har kana iya ganin jan zaren ɗinkin daga nesa, iska ce zata riƙa wasa da ita tana rawa hagu da dama, mai sanda bai san inda zata ba, mai kamu bai sani ba har sai ya sa wata ƙatuwar safa ta musamman, shi kansa mai jifan bai sani ba. Amma idan ta kuskura ta juya sau biyu ko uku ta zama nama, a hankali take zuwa kuma a miƙe. Mutum mai shekara talatin da iyali aka ce ya manta duk abin da ya koya tun yana yaro ya koma ɗan koyo a kan wannan.

Wasansa na farko a kakar 2006 da sabon salon, 6 ga Afrilun 2006 da Detroit Tigers, hom ran shida aka doka masa, ya kamo tarihin da ba wanda yake so, ko zango na huɗu bai gama ba aka karɓe ƙwallon aka mayar dashi ƙasa. Da kai kake kallo ranar me zaka ce? Nasan da yawanmu cewa zamu yi ya je ya nemi wata sana'a. Shi kuwa yaci gaba, ya nemi tsofaffin masu wannan jifa su Charlie Hough da Phil Niekro da Tim Wakefield ya zauna gabansu ya koya, ya bi ta ƙaramar ƙungiyar Milwaukee, ya je Seattle a 2008, Minnesota a 2009, babu inda ya zauna daram, sai 2010 New York Mets suka bashi kwantiragin ƙananan gasa suka tura shi Buffalo. A can ne wata rana mutumin farko ya doka masa ƙwallo ya wuce, daga nan ya fitar da mutum 27 a jere babu wanda ya sake taka ko'ina, aka kira shi sama. Sirrin da ya gano shi ne nashi nokulbol ɗin ba sai ya zama a hankali irin na magabata ba, yana jefa shi da ƙarfi kusan mil 80, ya maida abun nashi na kansa. A 2012 yana da shekara 37 yaci wasa 20 ya faɗi 6, ERA 2.73, ya kori masu sanda 230, wato ya fitar dasu da jifarsa kawai ba tare da sun doka ƙwallo cikin fili ba, yayi wasa biyu a jere a watan Yuni kowanne duka ɗaya kacal aka samu a kansa, ya ɗauki kambun Cy Young na gwarzon mai jifa, mai nokulbol na farko da ya taɓa ɗauka.

Roy Halladay ma haka, a 2000 ERA ɗinsa 10.64 a Toronto, suka mayar dashi can ƙasa Dunedin inda yara ke farawa, Mel Queen ya sauke masa hannu daga sama zuwa ɗan gefe ƙwallonsa ta fara nutsewa, a 2003 yaci wasa 22 da Cy Young. Wasu kuma ƙetare suke tafiya su gyara kansu, Merrill Kelly yayi shekara huɗu a Koriya ta Kudu kafin ya fara jefa wa Arizona a 2019, Miles Mikolas yayi uku a Japan ya dawo Amurka ya shiga St. Louis a 2018 yaci wasa 18.

Saboda haka idan ka zaɓi mutumin da zaka bi, ka buɗe shafinsa a Baseball Savant ka duba kason kowace irin jifa da yake yi bana ka kwatanta da bara, ka ga ko ya ƙaro sabuwa ko ya watsar da wadda ake doka masa, ka kalli bidiyonsa na yanzu da na shekara biyu baya ka tsayar daidai lokacin da ƙwallo ke barin hannunsa ka ga ko tsayin hannun ya canza, ka ga ko an matsar dashi daga masu fara wasa zuwa masu shigowa zango ɗaya, don da yawa saurinsu na ƙaruwa idan suka san jifa goma sha biyar kawai zasu yi. Idan an saukar dashi Triple-A kar ka daina bibiya, sakamakon can ma ana sawa kullum a MiLB.com, kuma abin da zaka fi sa wa ido a wasanni biyar ɗinsa na farko shi ne tafiya kyauta nawa ya bayar da kuma mutum nawa ya kora.