Lambar yabo a ƙungiyar wasan kumbo: wuraren da shugabanni suka fi yin tuntuɓe

Tun da aka fara haska shirin Star Trek, na tafiye-tafiyen kumbo a sararin samaniya, a talabijin ɗin Amurka a 1966, masoyansa suka ƙi tsayawa a kallo kaɗai. A 1974 aka kafa ƙungiyar STARFLEET a jihar Texas, inda kowane reshe yake ɗaukar kansa a matsayin kumbo mai kyaftin da hafsoshi. Da intanet ta fara shiga gidaje, sai wasan ya koma rubutu. Kowa zai ƙirƙiri hafsansa, likita ko injiniya ko matuƙi, ya rubuta abin da ya aikata a cikin labarin, na gaba ya ɗora daga inda ya tsaya. Ƙungiyar StarBase 118 tun 1994 take wannan wasa ta imel, wasu kuma yanzu a manhajar hira ta Discord suke nasu.

Ba a biyan kowa ko sisin kwabo. Mutum zai taso daga aiki a gajiye, ya zauna ya rubuta shafi guda don kada labarin ya tsaya. Abin da ƙungiya take da shi na sakayya bai wuce biyu ba: ƙarin anini a wuyan riga, da lambar yabo. Kuma duk wanda aka karrama, sauran membobi suna kallonsa suna karanta abin da shugabanni ke so. Baɗi irin halinsa za su kwaikwaya. Saboda haka kuskure a rabon lamba ba ya tsayawa a ranar biki, yana shiga cikin rubutun kowa.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne a karrama jarumin labari a manta da mai rubuta shi. A ce injin kumbo ya kama da wuta, sai injiniya ya kutsa cikin hayaƙi shi kaɗai ya ceci mutum ɗari biyu. Kyaftin ya ji daɗi, ya ba shi lambar jarumta. To amma me marubucin ya yi? Layi biyar ya buga, kuma a layi biyar ɗin nan ya kashe matsalar da ya kamata mutum shida su yi mako biyu suna fama da ita. Likita bai sami majinyaci ba, mai tsaro bai sami abin bincike ba. Ga kuma wata da ta rubuta cewa hafsarta ta yi kuskuren lissafi, kumbo ya ɓata hanya, ta haka kowa ya sami abin rubutawa. Ita ce ta ciyar da wasan gaba, ita ce kuma ba a tunawa da ita, domin a takarda jarumarta ta gaza. In aka shekara biyu ana haka, sai kumbo ya cika da jarumai da ba sa kuskure, ba sa tsoro, ba sa neman taimakon kowa, labarin kuma ya zama ba ya karantuwa.

Gyaran shi ne a raba abin gida biyu, kada a bari su haɗu. Gida na farko alama ce ta cikin labari: duk hafsan da ya shiga wani yaƙi, ko ya ji rauni, ko yana cikin tawagar da ta fara haɗuwa da wata sabuwar halitta, a maƙala masa ita a tarihinsa, ba gasa ba ce. Gida na biyu lambar marubuci ce, ta mutumin da ke zaune gaban kwamfuta, kuma ma'auninta shi ne abin da ya ƙara wa abokan wasansa. StarBase 118 a kan wannan tsari take, kuma sau ɗaya a shekara take bikin karrama marubuta.

Daga nan sai ƙirga yawan rubutu. Shugabanni suna son wannan ma'auni saboda ba ya jawo gardama, lamba ce kowa yana gani. Amma da zarar an san da yawa ake cin kyauta, mai wayo zai datsa rubutu ɗaya gida huɗu ya turo. Ƙirga tana da amfani wajen gane wanda ya yi shiru don a tuntuɓe shi a ji ko lafiya. A bar ta a nan.

Sai yawan lambobin kansu. Wannan cuta ba a wasa ta fara ba. Bayan mamayar da Amurka ta kai tsibirin Grenada a 1983, rundunar sojin ƙasa ta raba lambobi fiye da 8,600, alhali dakarunta da suka taka tsibirin ba su wuce kimanin 7,000 ba, abin ya zama na zolaya a jaridu. A ƙungiyar wasa ma haka take faruwa, kuma da kyakkyawar niyya. Kyaftin ba ya son ran kowa ya ɓaci, sai ya ƙirƙiro lamba ga kowane memba. Shekara ta farko kowa ya yi murna. Ta uku ba mai buɗe sanarwar. Wanda ya yi aiki tuƙuru ya ga an jera shi da wanda sai an yi ta roƙonsa kafin ya turo layi biyu, daga nan gwiwarsa ta yi sanyi. Muƙami ma haka: za ka iske kumbo mai mutum tara, biyar kwamandoji ne, an rasa wanda za a aika ɗakin inji.

A rubuta sharaɗin kowace lamba kafin a san wanda zai ci. A ƙayyade adadin da za a bayar a shekara. A kuma yarda cewa wata shekarar ba wanda ya cancanci wata lamba, a bar gurbin haka nan. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, don yana bukatar kyaftin mai iya jure fushin aboki. Daɗewa a ƙungiya kuwa a ba ta alamarta daban, ta shekara ɗaya, ta biyar, ta goma, mai zuwa da kanta ba tare da zaɓe ba, don kada a riƙa ba tsohon memba lambar ƙwarewa kawai saboda an ji kunyar idonsa.

Wa zai zaɓa? A nan ne aka fi ɓatawa da juna. Wasu suna barin komai a hannun kyaftin, sai 'yan gaban goshinsa su kwashe, ko da bai yi nufin son kai ba, domin rubutun waɗanda yake hira da su kullum shi ya fi tunawa. Wasu kuma su ce a jefa ƙuri'a kowa da kowa, suna zaton sun huta. Ba su huta ba. Kyautar Hugo, wadda mahalarta babban taron masoya almarar kimiyya na duniya suke zaɓa tun 1953, ta ga ta kanta a 2015, lokacin da wasu gungu biyu suka haɗa baki suka tura jerin sunaye iri ɗaya, suka mamaye yawancin guraben 'yan takara. Masu zaɓe suka fusata, a rukuni biyar suka zaɓi kada a ba kowa. Sai da aka sauya hanyar ƙirga sunayen da aka gabatar, sabon tsarin ya fara aiki a 2017. In dubban masu zaɓe ba su tsira daga haɗin baki ba, ina ga ƙungiya mai mutum arba'in, inda kumbo mafi yawan jama'a zai iya cinye komai ba tare da ya karya wata doka ba?

Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a haɗa biyun. Kowane memba yana da damar gabatar da suna, amma da hujja a rubuce, ya nuna rubutun da yake nufi. Sannan ƙaramin kwamiti daga kumbuna daban-daban ya karanta ya yanke hukunci, kuma duk wanda aka gabatar da sunansa ko na ɗan kumbonsa ya janye daga wannan rukuni. Hujja ɗaya mai ƙarfi ta fi sunaye goma da aka turo da "ya iya rubutu". Lambar shugabanni kuwa, kada su zama su ne masu ba kansu. In an cire wani daga takara, a faɗa masa dalili. A taron Hugo na 2023 da aka yi a Chengdu ta ƙasar Sin an cire wasu 'yan takara ba tare da bayani ba, kuma da abin ya fito fili a farkon 2024, surutun ya shafe murnar waɗanda suka ci da guminsu.

Akwai wani kuskure da ake rainawa, wato sanarwa marar nama. "An ba wance wannan lamba saboda ƙwazo da jajircewa." Wannan jimla za ta hau kan kowa, don haka ba ta ce komai ba. Kwatanta da a ce: a lokacin da labarin tashar da aka yi wa ƙawanya ya tsaya cik, ita ce ta rubuta wa sababbin membobi biyu saƙo, ta jawo hafsoshinsu cikin ɗakin tiyata, ta bar musu yanke shawarar da ta juya labarin. Mai lambar zai adana wannan ya riƙa komawa gare shi. Sabon shiga kuma ya karanta ya gane abin da ake nema a wurinsa. Rubuta irin wannan yana cin lokaci, kuma in kwamiti ya kasa samun abin da zai faɗa dalla-dalla, alama ce bai kamata a ba da lambar ba tun farko.

Masu aikin bayan fage su ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai mai gyara kundin tarihin ƙungiya a intanet, da mai koyar da sababbi ƙa'idojin rubutu, da mai zana hotunan hafsoshi, da wanda ke shiga tsakani in biyu sun saɓa. Aikinsu ba ya fitowa a cikin labari, sai ranar da suka gaji suka tafi ake gane nauyin da suke ɗauke da shi. A ware musu rukuni nasu. A ware wa sabon shiga ma, wanda bai cika shekara ba, don ba adalci ba ne a gwada shi da wanda ya shekara takwas yana wasan.

Wajen zanen lamba, a guji kwafo ta sojojin gaske, musamman ga ƙungiyoyin da ke ɗinka kaki suna zuwa taruka. A Amurka dokar 2013 ta haramta yin ƙaryar samun wasu lambobin soja don neman kuɗi ko wata riba, kuma ko ba doka, tsohon sojan da ya ga kwafin abin da ya samu da jininsa a ƙirjin mai wasa ba zai ji daɗi ba. A ƙirƙiri suna da launi na ƙungiya.

Kada kuma lamba ta zama abin lallashi. Wani zai yi barazanar ficewa, sai a yi maza a ƙara masa girma. Kowa ya gani, kuma wata uku ba za su cika ba sai wani ya gwada sa'arsa. Kishiyar wannan ita ce ƙwace lamba daga wanda ya yi faɗa da shugabanni ya tafi. Aikin da ya yi a wancan lokacin ya riga ya yi shi, a bar sunansa a kundi. Ƙwacewa sai in an tabbatar da maguɗi a kan lambar kanta, kamar satar rubutun wani ko buɗe asusun bogi don gabatar da kai, kuma wannan sharaɗi ya kasance a rubuce cikin dokokin ƙungiya tun kafin a buɗe karɓar sunaye.