Yadda ake jinyar targaɗen idon sawu don kada ya zama ciwon kullum

Duk mai bibiyar ƙwallon unguwa ya san irin yaron da ake ce wa "ƙafarsa ta saba". Ya gurɗe a wasa, ya yi kwana goma yana ɗingishi, ya dawo fili, bayan wata biyu ƙafar ta sake juyawa a wuri ɗaya. Wani zubin ma ba a fili ba, wajen tsallaka kwata ko sauka daga Adaidaita Sahu. Sai a ce ai ƙafar ce ba ta da ƙwari. Galibi jinyar ce aka katse a tsakiya, daidai ranar da zafi ya tafi.

Abin da ke faruwa a yawancin targaɗe shi ne tafin ƙafa ya juya ciki, jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ta wajen idon sawu su miƙe fiye da kima ko su yage. Guda uku ne a wannan ɓangaren, kuma ta gaba ce ke fara shan wahala. Shi ya sa kumburin kan taru gaban ƙullin waje, ƙasa kaɗan.

Da farko, tabbatar ba karaya ba ce

Likitoci a Ottawa ta Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 wadda har yau da ita ake tantance wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Ka sa yatsa ka danna bayan ƙullin idon sawu na waje da na ciki, daga bakinsa zuwa sama kamar santimita 6. Ka danna gefen ƙafa inda ƙashin ƙaramin yatsa ya fara, wajen tsakiyar ƙafa, sannan ƙashin da ya ɗan turo ta ciki, saman lanƙwasar tafi. Idan ƙashin kansa ne ke zafi a ɗaya daga cikin wuraren nan, ko mutum ya kasa yin taku huɗu ko da ɗingishi ne, asibiti za a nufa a yi hoto. Haka in ƙafar ta karkace, ko ta mutu ba ya jin taɓi, ko yatsu suka yi sanyi. Yaron da bai gama girma ba kuwa ni ba na jira, a kai shi kawai, domin gaɓar da ƙashinsa ke tsawo tana nan kusa. Kuɗin hoto bai kai kuɗin gyaran karayar da ta haɗe a karkace ba.

Kwana biyu zuwa uku na farko

Ba a ja, ba a murza. A filayenmu da yaro ya faɗi sai ka ga wani ya cire masa but ya kama ƙafar yana fizga, wai zai mayar da ita. A targaɗe babu abin da ya goce da za a mayar; jijiya ce ta yage, jan kuwa ƙara yagar yake. Gashi da ruwan zafi da shafa man zafi su ma a bar su sai kumburi ya fara saɓewa, don zafi na ƙara kawo jini wurin.

A ɗaga ƙafar ta wuce ƙirji idan ana kwance, filo biyu sun isa. A naɗa bandeji mai roba daga gindin yatsu zuwa tsakiyar sharaɓa, a kwance shi da dare, kuma in yatsu suka fara ƙaiƙayi ko canza launi an matse da yawa. Ƙanƙara: ledar fiya wata da ta daskare a naɗe ta a tsumma, minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. In babu wuta a unguwa kada ka tayar da hankali. Gabe Mirkin, likitan Amurka da ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, shi da kansa daga baya ya ce ƙanƙara rage zafi take yi, kuma yawanta na iya jinkirta warkewa. Mai ciwon suga da ba ya jin ƙafarsa sosai ma ya bar ta gaba ɗaya. Maganin zafi, farasitamol ya wadatar. Masu haɗiyar diklofenak biyu-biyu cikin yunwa don su buga wasan gobe, cikinsu da ƙodarsu suke ci wa amana.

Fara motsi da wuri

Kwanciya mako biyu ba jinya ba ce. Da zarar za ka iya takawa ba tare da zafi mai tsanani ba, fara tafiya a cikin gida, dunduniya ta fara sauka sannan yatsu, kamar yadda lafiyayyen mutum ke yi. A zaune, ka riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsa. Sannan ka fuskanci bango, ƙafar mai ciwo a gaba, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Auna nisan yatsa da bango a ƙafafu biyun; sai sun yi kusan daidai za ka ce gaɓar ta saki. Wanda bai dawo da wannan lanƙwasar ba za ka gane shi a zaman tahiya da tsugunno, ƙafar ba ta yarda.

Don ƙarfi ba sai ka sayi robar atisaye ta kanti ba. Je wajen mai faci ka karɓi tsohon tib na keke, ka ɗaure shi a ƙafar gado, ka saƙala gaban ƙafarka kana tura ta waje a hankali, sau 15, zagaye uku. Naman da ke gefen sharaɓa ta waje shi ne birkin da ke hana ƙafa juyawa ciki. Ƙara da ɗaga dunduniya kana tsaye kan yatsu, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya.

Matakin da kowa ke tsallakewa

Nan ne maganar take. A cikin jijiyoyin nan da naman da ke kewaye da su akwai 'yan saƙonni da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka, tun kafin ido ya gani. Ka taka dutse, ƙafa ta fara karkata, cikin ƙiftawar ido nama ya ja ta ya daidaita. Targaɗe na dagula wannan saƙon. Zafi zai tafi, kumburi ya saɓe, amma saƙon yana zuwa a makare, kamar maigadin da bai farka ba sai ɓarawo ya haura. Kuma ba ya gyaruwa da hutu, sai an sake koya wa ƙafar.

Gwada ka gani: tsaya da lafiyayyar ƙafa ita kaɗai daƙiƙa 30, sannan da wadda ta yi ciwo. Wasu da suka ce sun warke ba sa kai ƙarshe ba su dafa bango ba.

Ga yadda ake hawa. Fara da tsayawa kan ƙafar mai ciwo ita kaɗai a kan siminti, ba takalmi, kusa da bango, gwiwa a ɗan sake, daƙiƙa 30 sau biyar. In ya zama wasa, rufe ido. In wannan ma ya zauna, hau kan filo ko katifa ko yashi. Daga nan a samu wani ya riƙa jefo maka ƙwallo kana cafewa, ko kana mayar masa da ɗaya ƙafar, kana tsaye kan mai ciwon. Sannan ka ajiye murafen kwalba huɗu, gaba, baya da gefe biyu, kana miƙa ɗaya ƙafar kana taɓa su ba tare da ta ɗauki nauyi ba.

Kurakuran da na fi gani uku ne. Wasu suna ƙame gwiwa su danƙare yatsu a ƙasa, sai ya zama ba idon sawun ke aiki ba. Wasu suna tsallakawa zuwa rufe ido a kan katifa ranar farko don a ga jarumta, su sake gurɗewa a ɗaki. Mafi yawa kuma suna yi kwana huɗu su bari, don atisayen ba ya sa gumi, ba ya kama da aiki. Rawar da ƙafar ke yi ita ce aikin. Idan ba ta rawa ko kaɗan, matakin ya yi maka sauƙi, ka hau na gaba. Idan kana faɗuwa duk daƙiƙa uku, koma na baya.

Ni dokata mako takwas, aƙalla sau uku a mako, ko da an koma wasa. Wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2009 ya bi 'yan wasan da suka yi irin wannan atisaye a gida na mako takwas, ba mai sa musu ido, kuma haɗarin sake gurɗewa ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Mai yawan mantuwa ya haɗa shi da goge baki, safe da dare.

Komawa fili

Sassarfa a miƙe tukuna, sai gudu, sai zagaye mai siffar 8, sai tsayawa da juyawa ba shiri. Ka iya ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya kamar sau 20, ka yi tsalle da ita gaba da gefe ka dire daram. In washegari ta kumbura, alama ce ka yi gaggawa, koma baya kwana biyu. Sa abin ɗaure idon sawu mai igiya na wasu watanni. Na fi son shi fiye da naɗa filasta, don filasta kullum sai an saya kuma yana saki da gumi. But mai dogayen ƙusoshi a busasshen filin rani neman magana ne. Masu horar da yara su nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, an gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas kuma raunuka sun ragu sosai.

Idan an kai mako shida ƙafar tana sakin ka, ko tana kumbura bayan tafiya, ko zafin yana can sama tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu, a je sashen gashin ƙashi. A Kano akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa na sauran jihohi ma suna da shi. A tafi da hoton da aka yi tun farko, in an yi.